Kafin Ka Tura Moto Wajen Fita

Ranar kasuwar Yendi ka samu inuwa a bakin titin da ya fito daga Tamale, ka zuba ido kan abin da ke wucewa a kan taya biyu. Ga mai buhun masara a baya da zabi a rataye a kan madubi, ga malamar makaranta a kan mapuka da yara biyu, ga manomi ya labta doya har ta rufe fitilar baya. Abin da 'yan'uwanmu na Kano da Katsina ke kira babur ko mashin, mu a zango moto muke ce masa, mai gyaransa kuma fita. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Salaga, idan ayari ya sauka da yamma, mutum ba ya zama cin tuwo sai ya duba bayan jakinsa da kofatonsa. Mu mun gaji hanyar amma mun yar da ɗabi'ar. Sai moto ya tsaya cik tsakanin Salaga da Kpandai, rana a tsaka, babu inuwa babu gari, sannan muke tuna cewa shi ma yana da ciki.

Na daɗe ina lura da motocin da ake kwance wa inji a rumfunan fitoci, kuma da wuya ka ga wanda tsufa ya kashe. Ƙura ce da ƙishirwar baƙin mai suke cinye su tun suna da sauran ƙarfi. Maganin waɗannan biyun kuwa yana hannun mai moto, a tsakar gidansa, da kayan aikin da ba su cika jakar leda ba.

Ka fara sanin irin injin da kake hawa. Sunayen da ke jikin tanki suna da yawa, Haojue, Apsonic, Royal, Luojia da sauransu, amma akasarin na ƙasar Sin gida biyu suka fito. Manyan masu kuloci a hannu, 125 da 150, yawancinsu an kwaikwayo su ne daga Honda CG125 da ta fito a 1975. Kamfanin Honda ya ƙera ta musamman don ƙasashe irin namu, bayan injiniyoyinsa sun zagaya sun ga yadda ake labta wa babur kaya ana kuma barin mai a ciki har ya koma kamar kwalta. Ƙananan masu kwantaccen inji, 110, wato mapuka, waɗanda mata suka fi hawa, jikokin Super Cub ne ta 1958. Boxer ta kamfanin Bajaj da TVS 'yan Indiya ne, tsarinsu ya ɗan bambanta. Lambobin da zan kawo a nan na gidajen nan biyu na farko ne. Idan ɗan littafin da ya zo da motonka yana nan, abin da ya faɗa shi ne gaba da nawa.

Kayan aiki ba su da yawa: sufana 8, 10, 12, 14, 17, 19 da 24, sufanan fulogi, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, famfon iska da gejinsa, tsohon buroshin haƙori, tsumma, da siraran ƙarafan auna tazara masu kama da reza waɗanda fitoci ke ce wa fila-geji. Sayi sufana mai zobe, wanda ke rungume noti ta ko'ina. Mai buɗaɗɗen baki na arha shi ne ke lashe kan noti ya bar ka da cizon yatsa. Ka shimfiɗa buhu kafin ka ɗora moto a kan babbar ƙafarsa, domin wasa ɗaya idan ya faɗa rairayin tsakar gida, an yi sallama da shi. Duk abin da za ka kwance, ɗauki hotonsa da waya tukuna. Kuma a duba inda kurfoti yake. A gidajenmu wurin da ake gyaran moto da wurin da ake dafa shayi taku uku ne tsakaninsu, tururin fetur kuwa ƙasa-ƙasa yake bi.

Baƙin mai

Injin nan iska ce kaɗai ke sanyaya shi, sai man da ke cikinsa, wanda bai wuce lita ɗaya ba. Wannan lita ɗayan ita ke shafe fistin, ita ke shafe giya, a cikinta kuma kuloci yake wanka. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Bawku ko Yendi kan haura digiri 40, man nan wuta yake sha. A hanyar burji kada ka wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500 ba ka juye shi ba. Idan mitarka ta mutu, kamar ta yawancinmu, yi lissafi da hanya: Yendi zuwa Tamale kusan kilomita 100 ne, Salaga zuwa Tamale wajen 120. Mai zirga-zirga kullum ya juye duk wata. Sabon moto kuwa, juyin farko ya zo da wuri, wajen kilomita 500, saboda garin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa.

Ka tada inji ya yi minti uku zuwa biyar don man ya tsinke, ka kashe. Buɗe murfin sama mai sandar awo, sa kwano a ƙasa. A ƙaramin 110, notin juye mai yana ƙarƙashin inji, sufana 17. A mai tsarin CG akwai wani babban murfi a gefen hagu daga ƙasa, sufana 24, wanda idan ka kwance shi sufirin zai biyo baya tare da 'yar rariya mai kamar hular kwalba. Mutane da yawa ba su san da rariyar nan ba, shekara da shekaru tana toshe. Wanke ta da kananzir, ka kuma lura da gefen da ya fito don ka mayar da ita yadda take. Ka ɗan karkata moto hagu da dama ragowar ya tsiyaye.

Kafin ka kawar da kwanon, kai shi rana ka karkata shi. Mai baƙi ƙirin ba abin tsoro ba ne, aikinsa ya yi. Idan ka ga yana walƙiya kamar an barbaɗa garin azurfa, ƙarfe na cin ƙarfe a ciki. Idan ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da kan faru da damina ga wanda ya ratsa rafi, kuma wannan sai an juye sau biyu a jere. Idan yana warin fetur, kafireto na malala cikin inji.

Wajen mayar da noti ne na taɓa yin ɓarnar da ba na mantawa. Ina ganin ƙarfi shi ne aminci, na sa ƙafa na taka sufana. Sai na ji notin ya yi laushi a hannuna yana juyawa ba iyaka. Jikin injin alminiyam ne, noti ƙarfe, zaren ciki ya tafi. Na tura moton har rumfar wani tsohon fita, ya leƙa ƙasa, ya ɗago ya dube ni. "Ɗana, da wa kake faɗa?" Na ce, "Baba, tsoro nake kada ya zuba." Ya ce ai ga shi yanzu zai zuba da dalili. Kuɗin yanka sabon zare ya fi kuɗin juyen mai huɗu. Tun daga ranar nake fara ɗaura noti da yatsu har ya zauna, sannan sufana ya ƙara ɗan matsi kaɗan, ba tare da na sa nauyin jikina ba. Idan wasan da ke jikin notin ya lotse, a canza shi.

Man da ya dace da zafinmu shi ne 20W-50 na babur, wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikin robarsa. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci ya riƙa sulɓewa, ka ji inji na ihu moto ba ya gaba. Sayi mai hatimi a gidan mai, irin su GOIL, ka fasa da hannunka. Wanda ake aunawa daga galan marar suna, Allah kaɗai ya san inda ya kwana. Zuba kaɗan ƙasa da lita, tada inji minti ɗaya, kashe, jira ya kwanta, ka goge sandar awo ka tsoma ba tare da ka murɗa ta ba. Ya tsaya tsakanin zanen sama da na ƙasa. Cika shi fal ba gata ba ne, hayaƙi da yoyo yake kawowa. Tsohon man kuma a zuba a jarka a kai wa fitoci ko masu injin yankan katako, suna da amfani da shi. Kada a tuttular a kwata ko bayan gida, balle a Salaga da rijiyoyi suka yi mata suna tun zamanin ayari.

Daga mai sai numfashi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na sauko mana da ƙurar Sahara, sauran watannin rani kuma kowace mota ta wuce ka a burji sai ta yi maka wankan jar ƙasa. Wannan ƙurar idan ta ratsa cikin inji ta haɗu da mai, ta zama kamar sanfefa tana cin ringi da silinda. Abin da ke tare ta ita ce matatar iska da ke cikin akwati a ƙarƙashin kujera ko a gefe. Idan ta soso ce, wanke ta da kananzir ko ruwan omo, matse ta a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, bar ta ta bushe sarai a inuwa, ɗiga mata baƙin mai sabo kamar cokali ɗaya, ka mulmula har ya ratsa ko'ina, ka matse rarar. Busasshen soso ba ya kama ƙura, man ne ke kama ta. Idan ta takarda ce, ruwa ba ya taɓa ta, kakkaɓewa ake yi, in ta yi duhu a sake. Da hunturu duk sati biyu ka leƙa ta. Ka kuma shafa yatsa a cikin robar da ta haɗa akwatin da kafireto. In yatsan ya fito da jar ƙura, akwai tsaga ko ɗaurin ya saki, matatar kuwa zaman banza take yi. Samarin da ke cire ta gaba ɗaya wai don moto ya ƙara gudu, su ne za ka gani bayan wata shida suna bin gari da farin hayaƙi kamar masu maganin sauro.

Sarƙa

Sarƙa ce abin da aka fi wulaƙantawa, ita ce kuma ke iya kayar da mutum. Yawancin motocinmu sarƙa mai lamba 428 suke ɗauka. Sa yatsa a tsakiyarta ta ƙasa, tsakanin haƙoran gaba da na baya, ka ɗaga ka sauke. Wasan da ya kamata ta yi santimita 2 zuwa 3 ne, faɗin yatsu biyu ke nan. Juya taya ka gwada a wurare uku ko huɗu, domin tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai, kuma a inda ta fi tsauri ake yin awo. Mai ɗaukar kaya masu nauyi ya sake gwadawa da mutum a zaune a kai, saboda nauyi na ƙara ja mata. Sarƙar da ta yi tsauri tana cin boris ɗin giya tana kuma iya tsinkewa. Wadda ta saki tana iya zamewa ta cije taya kana tsakiyar gudu.

Don gyarawa, sassauta babban notin ƙarfen da ya ratsa tayar baya, ka juya ƙananan notocin ja na hagu da dama daidai wa daida, rabin zagaye nan rabin zagaye can, kana duban zanen da ke jikin ƙarfen don taya ta tsaya saiti. Ɗaure babban notin da kyau, a nan ƙarfi ya halatta. Sai ka sake duba burkin baya, domin duk lokacin da taya ta matsa baya, burki ya ƙara matsewa.

Wanki da kananzir da buroshin haƙori, inji a kashe, kana juya taya da hannu. Na faɗa na sake faɗa, inji a kashe. Masu sa giya su riƙa goge sarƙa da tsumma tana gudu, da yawansu yatsunsu ba su cika goma ba. Bayan ta bushe a ɗiga man giya mai kauri ko baƙin mai sabo ta cikin sarƙar, a goge rarar. Giris da ake labtawa a kai yana kama yashi ya zama abin niƙa. Murfin sarƙar nan na gwangwani da samari ke cirewa saboda wai na tsofaffi ne, a hanyar Bimbilla ko Garu ya fi duk wani kwalliya amfani. Idan haƙora sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙayar kifi, ko ka ja sarƙa daga bayan babban haƙori ka hango rabin haƙorin a fili, lokaci ya yi. A canza sarƙa da haƙoran biyu tare, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon. Ɗan makullin sarƙa kuma, rufaffen kansa ne ke fuskantar inda sarƙar take tafiya.

Idan ya ƙi tashi

Inji abu uku yake nema: mai, wuta, da matsi. Ka bi su daga mai sauƙi. Duba makunnin kashewa da famfon mai, kada ka ji kunya, kowa ya taɓa buga kik sau ashirin famfo a rufe. Sannan kwance fulogi ka karanta bakinsa, domin shi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Kalar ƙasa-ƙasa kamar soyayyen gyaɗa, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, ka koma ga matatar iska da cok. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na haurowa, ringi ko robar bawul sun gaji. Fari fat, inji na shan zafi da ƙarancin mai, kuma wannan ya fi baƙin haɗari. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7. Na 125 da 150 yawanci D8EA ne ko D8TC, na 110 kuma C7HSA ko A7TC. Mayar da fulogin cikin hularsa, jingina jikinsa da ƙarfen inji nesa da ramin, buga kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake so. Ajiye sabo ɗaya a ƙarƙashin kujera kullum.

In wuta na nan, sai kafireto. A gindinsa akwai ɗan sukuru na tsiyaye mai. Rufe famfo, sa kwalba mai haske, kwance sukurun. Man da muke saye a kwalba a ƙauyuka, inda babu gidan mai, sau da yawa yana zuwa da ruwa da laka, za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. Sau da yawa wannan tsiyayewar kaɗai ta isa. In ba ta isa ba, cire kwanon ƙasa, kwance jet biyu, babba da ƙarami, ka ɗaga su sama ka hango haske ta cikinsu. A busa da famfon iska, kada a zura allura, ramin zai faɗaɗa moto ya koma mashayi. Sukurun iska a murɗa shi a hankali har ya zauna, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, daga nan a nemi inda sulo ya fi daɗin ji bayan inji ya yi zafi. 'Yar matatar mai ta roba da ake sa wa a tiyo tsakanin tanki da kafireto kuɗinta kaɗan ne, kuma tana rage wannan wahala ƙwarai. Mutanen wajen Makango da bakin tafkin Volta, man firimis na injin jirgin ruwa an gauraya shi da mai don inji mai bugu biyu, masunta aka tanadar wa. A moto fulogi yake kashewa ya tara gawayi a kan fistin.

Saura matsi, kuma a nan ne ake zancen tafet, wato daidaita tazarar bawul. Wannan aikin ya fi sauran neman natsuwa, amma wanda ya iya sa zare a allura zai iya. Inji ya kwana ya huce sarai. Cire murfin kan inji, buɗe ƙananan murafu biyu na gefen hagu, juya injin da sufana saɓanin tafiyar agogo har harafin T ya zo daidai da zanen ramin sama. Taɓa hannayen bawul biyun. In duka suna ɗan motsi, ka samu wurin. In sun ƙame, ƙara zagaye ɗaya cikakke. Zura fila-geji, milimita 0.05 ga ƙaramin 110, 0.08 ga mai tsarin CG. Ya shiga da ɗan ja, kamar kana zaro takarda daga ƙarƙashin kofi. Sassauta ƙaramin noti, juya sukuru, riƙe shi ka ɗaure, ka sake aunawa domin ɗaurin kan motsa shi. Mutane na son fita ya matse tafet har ƙarar ta ɓace ɗungum. Kuskure ne. Bawul mai ɗan ƙas-ƙas yana rufewa ya huce, wanda aka matse ba ya zama daidai, moto ya riƙa wuyar tashi da safe, a ƙarshe bawul ya ƙone. Karon farko ka biya fita ya yi a gabanka kana kallo.

Burki da taya da batir ba sa son dogon bayani, duba suke so. Hannun burkin gaba da na kuloci su yi wasan santimita 1 zuwa 2 kafin su kama, na ƙafa 2 zuwa 3. In ka ƙure notin gyara burki bai kama ba, takalman ciki sun ƙare. Iskar taya a auna da safe, wajen psi 25 a gaba, 29 a baya, 32 in da goyo ko kaya. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Bi sifok da sufana kana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar tukunyar da ta tsage ya saki, gargada ce ke kwance su. Batir mai ruwa a ƙara masa ruwan batir tsantsa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Wajen cirewa a fara da baƙar waya, wajen mayarwa a ƙare da ita. Fis in ya ƙone a sa irinsa, 10 ko 15. Wanda ya naɗa masa waya ko takardar sigari, ya mayar da wayarin moton gaba ɗaya fis.

Mutanen Bawku suna da wata matsala tasu. Saboda rikicin da garin ya sha fama da shi, hukumomin tsaro sun sha hana maza hawa moto a cikin gari, motoci da yawa suka yi watanni a jingine a zaure. Moto kuwa zama na lalata shi. In ka san zai daɗe, juye masa sabon mai, rufe famfo ka tsiyaye kafireto don kada fetur ya bushe ya zama danƙo a jet, cire batir ka riƙa kai shi caji duk wata, ɗora shi a babbar ƙafa, shafa wa sarƙa mai, toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro da ɓera. Duk sati biyu ka taka kik a hankali sau biyar ba tare da kunnawa ba. Kada a tada inji a rufaffen ɗaki wai don ya ɗumama, hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kisa.

Ƙari da kwaskwarima

Ba na ƙin a sauya wa moto wani abu, in dai hanya ce ta nemi haka. Sauyin da ya fi arha da tasiri shi ne na haƙoran sarƙa. Mai doguwar tafiya a kwalta, kamar Bawku zuwa Bolgatanga, in ya mayar da haƙorin gaba daga 14 zuwa 15, inji zai rage ihu, tafiya ta ƙaru da wajen kashi 7 cikin ɗari a juyi iri ɗaya, amma ƙarfin tashi zai ragu. Mai jigilar doya ko albasa a yashi akasin haka yake bukata, ya ƙara haƙori biyu ko uku a na baya. Ba a samun duka biyun a lokaci guda, duk wanda ya ce maka ana samu kaya yake son sayarwa.

Kariya ta ɗaukar kaya a ƙera ta yadda za a ɗaura da noti a wuraren da kamfani ya tanada. Walda a jikin firam na raunana ƙarfen, kuma in dole sai an yi, a cire batir da akwatin CDI tukuna. Kariyar da ta zarce tayar baya da nisa tana ɗage gaba, kan moto ya riƙa rawa a yashi. Fitilar LED alheri ce ga mai tafiyar dare inda shanu da jakuna ke kwana a titi, sai dai motoci da yawa wutar fitilarsu daga inji take zuwa kai tsaye, LED kuwa wutar batir take so. A ja mata waya daga batir ta bayan makulli, da fis nata, a kuma sunkuyar da ita kada ta makantar da mai zuwa. Abin cajin waya ma haka, ta bayan makulli, in ba haka ba zai tsotse batir cikin dare. Haɗin waya a yi shi da kyau a naɗe da tef, murɗe-murɗen da ake yi da haƙori ne ke tada gobara a ƙarƙashin tanki.

Fasa salansa kuwa, ban ga abin da yake ƙarawa ba sai ƙara. Yana sa mai ya yi wa inji kaɗan, bawul ya sha zafi, tsofaffin unguwa su yi ta Allah ya isa bayan sallar isha'i. Cire madubi da burkin gaba don gayu ya fi wannan muni, domin yawancin tsayuwar moto a kan burkin gaba take. Sa wa 125 silindar 150 yana yiwuwa, amma aikin fita ne, da sauyin jet, kuma burkin da sarƙar na nan yadda suke. Wanda ya canza inji gaba ɗaya ko ya sake fenti, ya riƙe rasit ya je ofishin DVLA, akwai a Tamale da Bolgatanga, a daidaita takarda, domin lambar inji da ba ta dace da takarda ba a shingen 'yan sanda sunanta moton sata. Haka wanda ya sayo moto ta wajen Sankasi a iyakar Togo, ya tabbata takardar kwastan na hannunsa kafin ya kashe ko sidi ɗaya a kan kwalliya.

Akwai inda sufanan gida ke tsayawa. Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, giya da ke fita da kanta, firam da ya lanƙwashe bayan faɗuwa, burkin mai da ke yoyo, duk waɗannan a kai wa fita, a kuma gaya masa gaskiyar abin da aka taɓa. Fitan da ya ga moto mai tsabtar mai da sarƙa ya san mai shi na lura, ko lissafinsa ma yakan bambanta.

Duk abin da ka kwance, kafin ka hau ka bi notocin ɗaya bayan ɗaya da sufana, ka dubi buhun da ka shimfiɗa ko wani abu ya rage a kai. Sa hular kwano ko da zagayen unguwa ne, ka taka burki sau uku kafin ka kai bakin titi, ka dawo ka leƙa ƙarƙashin inji ko akwai ɗigo. In ba ka taɓa riƙe sufana ba, ko ke da kike hawa mapuka kullum zuwa kasuwa, wannan Asabar ɗin a fara da juyen baƙin mai kawai: lita ɗaya, sufana 17 ko 24, da tsohon kwano.